Wanda Ya Haƙa Rijiyar: Ronald Konopka da Agogon da Ke Jikinmu

  

Yau da tambaya zan fara. Wa ke tashin tsohuwa kafin kiran assalatu?

Na tashi na tarar da kakata da ranta. Ba ta taɓa ɗaura agogo ba. Amma kullum, kafin ladan ya yi gyaran murya, sai in ji motsin butarta a tsakar gida. Da damina haka. Da hunturu haka. Ran da aka yi biki ta kai dare ba ta kwanta ba, haka. In muka tambaye ta, sai ta ce, "Jikina ne ke gaya mini."

Mu yara muna dariya. Ashe gaskiya ta faɗa. Akwai agogo a jikinta. Akwai shi a jikinka, malam. Akwai shi a jikinki, hajiya. Kuma mutumin da ya fara kamo bakin zaren wannan agogo, yawancin mutane ba su taɓa jin sunansa ba. Ronald Konopka ake kiransa. Ba'amurke ne. A kansa sharhinmu na yau zai tsaya.

Magana ɗaya nake so ku riƙe mini har ƙarshen shiri. Wanda ya haƙa rijiya ba lallai ne ya sha ruwanta ba. Amma kowa ya sha, bashinsa ya ci.

Bari mu fara da abin da aka sani kafin zuwansa.

Manomi ba ya bukatar a gaya masa cewa tsirrai na barci. Je gonar gyaɗa da magariba, za ka ga ganyen ya haɗe kamar mai tafa hannu. Dubi tsamiya, ita ma haka. Gari na wayewa su buɗe. Kowa zai ce rana ce ke buɗe su. Wani masanin taurari a Faransa, mai suna de Mairan, ya gwada wannan zato a shekarar 1729. Ya ɗauki wani tsiro mai naɗe ganye da dare, ya ajiye shi a wuri mai duhu inda rana ba ta shiga. Tsiron bai fasa ba. Lokacin safiya ya buɗe, lokacin dare ya rufe, alhali bai ga rana ba.

Zakara ma haka yake. Masana a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan sun tsare zakaru a ɗaki mai ɗan haske mara canzawa, babu dare babu rana. Suka ci gaba da cara a kan lokacinsu.

Wato an daɗe da sanin akwai agogo a cikin halitta. Abin da ba a sani ba shi ne, da me aka ƙera shi? Kamar a miƙo maka akwati a kulle. Kana jin ƙas-ƙas-ƙas a ciki. Ka tabbata agogo ne. Amma babu mabuɗi.

To, a nan Konopka ya shigo.

An haife shi a 1947. Ya gama digirinsa na farko a Jami'ar Dayton, ya wuce Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wadda aka fi sani da Caltech, a garin Pasadena. A can ya zama almajirin wani babban malami, Seymour Benzer. Shi Benzer yana da wani ra'ayi da mutane da yawa ke ganin ganganci ne a lokacin. Yana ganin ɗabi'ar dabba, yadda take tafiya, yadda take koyo, yadda take neman aure, ana iya bin sawunta har a kai ga ƙwayoyin gado. Ƙwayar gado ita ce wannan ɗan saƙon da ɗa ke karɓa daga uwa da uba, wanda ke sa a ce, "Hancin babansa ya ɗauko." An yarda tana tsara hanci da launin ido. Amma ɗabi'a? Aka ce ɗabi'a ta fi ƙarfin ƙwaya ɗaya.

Dabbar da suke aiki da ita kuwa, kun san ta. Lokacin mangwaro, in aka bar ɓawo a kwano ya kwana biyu, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje masu jan ido da ke taruwa a kai. Kana kaɗa hannu su watse, su dawo. Su ne. Masana na son su don ba su da tsada. Kwalba ɗaya na ɗaukar ɗaruruwa. Cikin mako biyu an sami sabuwar zuriya.

Ga abin da ya ja hankalin Konopka. Wannan ƙuda daga ƙwai yake zama tsutsa. Tsutsar ta shiga ƙwanso ta yi shiru. Ran da za ta fito a matsayin ƙuda, ba ko yaushe take fitowa ba. Da sassafe take fasa ƙwanson, lokacin da akwai sanyi da laima. Ko an tsare su a duhu, sai lokacin asuba ya zagayo suke fitowa, ayari-ayari. Ƙudan da bai taɓa ganin duniya ba, ya san ƙarfe nawa.

Dabarar Konopka irin ta mai gyaran agogo ce a kasuwa. In kana son ka san aikin wani ɗan ƙarfe, taɓa shi ka ga abin da zai lalace. Ya ciyar da mazan ƙudaje wani sinadari mai jirkita ƙwayoyin gado, nan da can, ba tare da zaɓi ba. Sannan ya raba zuriyarsu kwalba-kwalba. Ya zauna yana jiran ya ga wace kwalba ce 'ya'yanta za su ɓata lissafi.

Ku kwatanta aikin a zuciyarku. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ɗaki cike da kwalabe, ga tsamin abincin ƙuda. Kowace kwalba sai an duba ta, an ƙirga wa ya fito da rana, wa ya fito da dare. Yau haka, gobe haka. Zuriya kusan dubu biyu ya bi ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ba shi tabbacin akwai abin da yake nema.

Wajen kwalba ta ɗari biyu, ya ci karo da ita. Ƙudajen cikinta ba ruwansu da asuba. Suna fitowa da tsakar rana, suna fitowa da tsakar dare. Agogonsu ya mutu. Ya ci gaba da nema, ya samo wasu iri biyu. Ɗaya agogonsa na gudu, kwanansa awa 19 ne. Ɗaya kuma na nawa, kwanansa awa 28.

Mai mataccen agogo, da mai gaggawa, da mai nawa. Ƙudaje uku.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne zuciyar labarin. Konopka ya bi sawun lahanin kowannensu a kan zaren gado. Da a wurare uku daban-daban ya same su, da ba abin mamaki ba ne. Kowace cuta na iya rikita barci. Amma duka ukun a wuri ɗaya suka faɗo. Ƙwayar gado ɗaya tak. Ka taɓa ta nan, agogo ya yi sauri. Ka taɓa ta can, ya yi nawa. Ka fasa ta, ya tsaya. Abin da zai iya yin haka, a cikin cikin agogon yake zaune. Aka sa wa ƙwayar suna period, wato tsawon zagaye.

Shi da malaminsa suka wallafa sakamakon a 1971. Yana ɗan shekara 24.

Kuna tsammani an yi ta guɗa? Ina! Akwai wani babban masani a Caltech, Max Delbrück, wanda bai daɗe da karɓar kyautar Nobel ba. Da Benzer ya ba shi labari, ya ce abin ba zai yiwu ba. Benzer ya ce ai yaron ya riga ya yi. Dattijon ya kafe cewa shi dai bai yarda ba. Haka sabon abu yake. Ko gwani kan yi masa gardama.

Wannan ke nan game da nasararsa. Yanzu ga inda labarin ya yi kwana.

Konopka ya gama digirinsa na uku. Ya je Jami'ar Stanford ya ƙara sani a wurin Colin Pittendrigh, ɗaya daga cikin iyayen wannan fanni. Sannan ya dawo Caltech ya zama malami. Bai zauna haka nan ba. A 1979, shi da wani abokin aikinsa suka yi abin da in an gaya maka sai ka ce almara ce. Suka ciro ƙwaƙwalwar ƙuda mai gaggawa, abin da bai kai ƙwayar gero ba. Suka dasa ta a cikin cikin ƙuda mai mataccen agogo. Wasu daga cikin waɗanda aka yi wa dashen suka fara bin lokaci, kuma lokacin mai gaggawar suka bi. Wannan ya nuna agogon a ƙwaƙwalwa yake, kuma yana aika saƙo ga sauran jiki.

Amma a jami'o'in Amurka akwai wata ƙa'ida. Bayan 'yan shekaru, ana zama a duba aikin malami. Ko a tabbatar masa da kujera ta dindindin, ko ya nemi wani wurin. Babban ma'aunin shi ne yawan abin da ka wallafa. Konopka kuwa mutum ne mai tsantseni. Ba ya sakin rubutu sai ya gamsu. Kuma a waɗancan shekarun babu kayan aikin da za a ciro ƙwayar period a karanta ta. An san tana nan, an kasa buɗe ta. Aka auna shi, aka ce rubuce-rubucensa sun yi kaɗan. Bai sami kujerar ba.

Ya tattara ya koma wata ƙaramar jami'a, Clarkson, can arewacin jihar New York, kusa da iyakar Kanada. Ya ci gaba da kiwon ƙudajensa. Ya samo wasu masu karkataccen agogo. Can ma kujerar ba ta tabbata ba. Wajen 1990 ya dawo Pasadena. Ya bar ɗakin gwaje-gwaje ke nan har abada. Sauran rayuwarsa ya yi ta yana koya wa 'yan sakandare lissafi da kimiyya, irin abin da mu ke kira malamin lesin.

Ku tsaya ku yi tunani. Yaro ya zo da littafinsa, an zauna ana warware masa lissafi. Bai san cewa dattijon da ke gabansa shi ne ya buɗe wa duniya ƙofar wani ilmi sukutum ba.

Ya haƙa rijiya, masu sauraro. Yanzu bari mu ga su wa suka zo da guga.

A 1984 kayan aiki sun samu. Ƙungiyoyi biyu suka yi tsere, suka ciro ƙwayar period kusan lokaci guda. Ɗaya ta Jeffrey Hall da Michael Rosbash ce, a Jami'ar Brandeis. Ɗaya ta Michael Young, a Jami'ar Rockefeller. Hall tsohon ɗan gidan Benzer ne, ya san Konopka tun suna samari, kuma sunan Konopka na cikin marubutan aikin Brandeis na wannan shekara. Daga nan aka shiga kwance agogon ƙarfe-ƙarfe. A 1990 aka gano dabarar da yake juyawa da ita.

Bari in kwatanta muku da mai ƙosai. Tana suya tana zubawa a tire. Tiren na cika, sai ta dakata, don cikarsa ce ke gaya mata ya isa. Masu saye su zo su kwashe. Tire ya koma fayau, ta sake zuba ƙullu a mai. To, ƙwayar period ita ce mai suyar. Abin da take toyawa wani furotin ne. Da dare yana taruwa a cikin ƙwayar halitta. In ya taru, shi da kansa yake komawa ya tsayar da suyar. Da rana ya narke ya ƙare. Sai a sake sabon lale. Cika da kwashewa, cika da kwashewa, zagaye ɗaya kusan awa 24. Young ya gano wasu mataimaka biyu: ɗaya mai raka furotin ɗin zuwa inda zai ba da umarnin tsayawa, ɗaya mai daidaita saurin kwashe shi. In aka sami tangarɗa a wannan lissafi, kwana ya gajarta ko ya tsawaita. Asirin ƙudajen Konopka ke nan.

Wani zai ce, to wannan ai ƙuda ne. Ina ruwan ɗan Adam?

Ga amsa. Wani masani, Joseph Takahashi, ya ɗauki dabarar Konopka ya gwada ta a kan ɓeraye. A 1994 ya samo ɓera mai karkataccen agogo. A 1997 aka gano cewa ita kanta period tana jikin ɓera, tana jikin mutum. Mu har guda uku gare mu. Sannan a 2001 aka ba da labarin wani dangi a jihar Utah ta Amurka. Su tun da farkon dare barci ke kwashe su. Kafin asuba sun wartsake sarai. A garinmu da sai a ce gidan mutanen kirki ne. A can, inda ake hira har dare ya raba, matsala ce. Aka duba jininsu. Sauyin yana cikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin period. Ƙudan Konopka mai gaggawa ne ya fito a siffar mutum, bayan shekara talatin.

Yau an san cewa kusan kowace gaɓa tana da nata agogon. Hanta na da shi. Ƙoda na da shi. Zuciya na da shi. Babban agogon da ke yi musu limanci yana cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido suka gitta juna. Shi ke sa zafin jiki ya sauka can cikin dare. Shi ke sa a saki sinadarin barci in duhu ya yi. Shi ke fara zaburar da jiki kafin gari ya waye. Shi ne mai tashin kakata.

Kuma agogon namu ba daidai yake cif-cif ba. A yawancin mutane yakan zarce awa 24 da 'yan mintoci. Manya za su tuna yadda iyayenmu ke saita agogon hannu da ƙarar rediyo kafin labarai. Jiki ma kullum sai ya saita nasa. Da hasken safiya yake saitawa. Ido ne ke kai masa labari.

To, mu dawo gida. Me wannan ilmi ya taɓa a rayuwarmu?

Ya taɓa direban tirela da ya taso daga Legas zai kwana a hanya. Tsakanin talatainin dare da asuba jiki ke kaiwa ƙarshen sanyinsa. A nan barci ya fi ƙarfi. Goro da shayi na iya jinkirta shi, ba sa soke shi. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne. Yanzu mun san lokacin da ɓarawon ya fi shigowa.

Ya taɓa ma'aikaciyar jinya, da mai gadi, da mai gidan burodi. Bincike da yawa ya nuna alaƙa tsakanin daɗewa ana aikin dare da ciwon suga da ciwon zuciya. Hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna da hannu a cutar. Ba na faɗi haka don in tsorata kowa ba. Aikin dare dole ne wani ya yi shi. Na faɗa ne don masu ɗaukar ma'aikata su san cewa hutun mai aikin dare haƙƙi ne.

Ya taɓa mai azumi. Daren farko na Ramadan, da ƙyar ake tashi sahur. Bayan mako guda, sai ka farka kafin mai kiɗan gwangwani ya iso layinku. Agogo ya koyi sabon lokaci. Bayan Sallah kuma a sha fama kafin ya koma.

Ya taɓa har babban maƙiyinmu, zazzaɓin cizon sauro. Sauron da ke ɗauke da cutar da dare yake farauta, don shi ma da agogonsa. Shi ya sa gidan sauro ke aiki. Ƙwayar cutar kuma, in ta shiga jini, tare take fasa jajayen ƙwayoyin jini, kamar an buga mata ƙararrawa. Shi ya sa wani nau'in zazzaɓin kan zo yau, ya yi fashi gobe, ya dawo jibi. A 2020 masana suka nuna cewa ƙwayar cutar tana da nata agogon na kanta. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka gano haka daga ɗakin binciken Takahashi take, mutumin nan da ya ari dabarar Konopka. Wanda ya san agogon abokin gaba, ya san lokacin kai masa farmaki. Ana kan wannan nema yanzu.

Kun ga nisan da ruwan rijiyar ya yi? Daga kwalbar ƙudaje a Pasadena har gadon mara lafiya a asibitin garinmu.

Yanzu sai maganar kyauta.

A watan Oktoba na 2017 aka ba Hall da Rosbash da Young kyautar Nobel ta fannin likitanci, saboda gano yadda agogon jiki ke aiki. Konopka bai ga ranar ba. Ya rasu a watan Fabrairu na 2015. Malaminsa Benzer ya riga shi tun 2007. Ƙa'idar Nobel kuwa ba a ba mamaci, kuma ba a raba ta ga fiye da mutum uku.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A'a, kada mu yi musu wannan zalunci. Mutanen nan uku sun yi shekaru suna gumi. Abin da suka gano nasu ne, kuma ba su ɓoye sunan wanda ya riga su ba. Da Konopka ya rasu, Rosbash ne ya rubuta ta'aziyyarsa a babbar mujallar kimiyya mai suna Cell. Sanarwar kyautar ma ta ambaci Benzer da almajirinsa Konopka a matsayin mafarin labarin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Jami'a ba za ta zauna babu ma'auni ba. Dole ta san mai aiki da mai zaman kashe wando. Ilmin da aka kulle a aljihun tebur, kamar rumbu ne da aka jefa mabuɗinsa a rijiya. Da Konopka ya riƙa sakin abin da ya gano da wuri, wataƙila da labarin ya bambanta. Wannan gaskiya ne.

Amma ga inda nake tsaye. Ma'aunin da ya iya ƙirga takardu, ya kasa gane takarda ɗaya da ta fi ɗari nauyi, ma'auni ne mai gyara. Buhu goma na ƙaiƙayi ba su kai mudu ɗaya na tsaba ba. Kuma wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A jami'o'inmu ma da yawan wallafa ake hawa mataki. Malami na ƙirga takardunsa kamar mai ƙirga awaki. Wa zai yarda ya shafe shekara uku yana leƙen kwalabe, a kan tambayar da ba a tabbatar tana da amsa ba? In akwai irin Konopka a Zariya, ko Kano, ko Yamai, ko Maiduguri, shin za mu gane shi? Ko kuwa za mu ce ba ya ƙoƙari?

Sannan akwai masu cewa, "Ana fama da yunwa, wa ke ta binciken ƙuda?" Na fahimci zafin da ke bayan maganar. Amma ku tuna, a 1971 babu wanda ya isa ya ce wannan ƙuda zai kai mu ga zazzaɓin cizon sauro. Shi kansa Konopka bai sani ba. Tambaya ce kawai ta dame shi, ya bi ta tsakani da Allah. Amfanin ya biyo baya da ƙafarsa. Raina kama ka ga gayya.

Masu sauraro, lokaci ya fara harararmu. Bari in tattara.

Ga ɗalibi mai saurare na a ɗakin kwanan makaranta: kada ka raina ƙaramar tambaya. In ta hana ka barci, bi ta. Amma in ka samo amsa, rubuta ka fitar, kada ka jira sai ta zama ba aibi.

Ga shugabannin makarantu: ku riƙa auna nauyi, ba yawa kaɗai ba.

Ga iyaye: in malamin lesin ya zo gidanku, ku ba shi wurin zama mai kyau da ruwa mai sanyi. Ba ku san wace rijiya ya haƙa ba.

Ga kowa da kowa kuma: ku girmama agogon da Allah ya sa muku. Ku fita ku sha hasken safiya. Ku tsayar da lokacin kwanciya. In dare ya yi, a rage haske, a ajiye waya. Direba, in ka ji idonka ya fara yaji kafin asuba, faka ka runtsa. Kaya za su jira. Dare mahutar bawa ne.

Gobe da asuba, in kun farka kafin ladan, babu ƙararrawa babu mai tashi, ku yi wa Allah godiya. Sannan ku tuna da saurayin nan da kwalabensa. Bai sha ruwan ba. Mu ne muke sha.